Fenti ya ƙi bushewa a jikin dodon roba, fukafukansa kuma sun ƙi zama: ina matsalar take?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haɗa ƙananan mutum-mutumin roba na wasan tebur da yi musu fenti.

Kayan da ke gabana iri biyu ne. Akwai kwalin sojojin ƙwarangwal, masu tauri, launin toka, waɗanda suka zo gunduwa-gunduwa a manne jikin firam, sai an yanko an haɗa. Akwai kuma manyan dodanni uku na Reaper Bones, wato samfurin Bones na kamfanin Reaper, farare: diragon da aka zubo fukafukansa daban, da macijin nan mai kawuna da yawa, da ƙato mai kan bijimi riƙe da gatari.

Duka na fesa musu faraima, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa kafin launi, daga gwangwani ɗaya. Na ƙwarangwal ya bushe tas, amma na dodannin har yanzu yana kama yatsa, ƙura ma ta fara mannewa. Gam ɗin roba da ya riƙe ƙwarangwal ya ƙi riƙe fukafukan diragon, da an saki sai su faɗo. Ƙotar gatarin mai kan bijimin kuma a lanƙwashe ta zo. Me ya kawo haka, kuma akwai gyara? Sannan wane girman mazauni, wato faifan da mutum-mutumi ke tsayawa a kai, ya dace da kowanne idan za a yi wasan tebur na Dungeons & Dragons da su, kuma a yi wasan yaƙi da ƙwarangwal ɗin?

Tsohon_Maƙeri

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalolin nan uku tushensu ɗaya. Sunan roba ne kawai ya haɗa kayanka, amma robobi biyu ne da halinsu ya sha bamban.

Ƙwarangwal ɗin da suka zo a firam folistirin ne mai tauri, irin wanda Games Workshop ke zuba sojojin Warhammer da shi. Farin Reaper Bones kuwa PVC ne. Shi PVC asalinsa mai tauri ne, kamar na fayif ɗin ruwa, sai a zuba masa wani sinadari mai maiƙo don ya yi laushi ya riƙa lanƙwasa. Wannan sinadarin tausasawa bai haɗe da robar ƙam ba, yana nan tsakanin ƙwayoyinta ne kawai. Gwangwanayen feshi da yawa suna ɗauke da sinadarin narkarwa mai ƙarfi, musamman waɗanda aka yi don ƙarfe ko katako. Idan ya sauka a kan PVC sai ya jawo maiƙon nan zuwa sama ya gauraye da fentin, shi ya sa fentin ba ya ƙarasa bushewa. Jira ba ya magance shi. Wani danƙon yakan ɗauki watanni yana nan yadda yake.

Kafin a taɓa kowane sabon mutum-mutumi, a gwada shi. A lanƙwasa takobi ko wutsiya kaɗan: idan ya tafi ya dawo, PVC ne, idan ya cije, ko wajen ya yi fari alamar zai karye, folistirin ne. Gwajin da ya fi tabbaci shi ne a ɗiga gam ɗin roba ƙarƙashin mazauni inda ido ba ya gani, a jira minti ɗaya, a taɓa da tsinke. Folistirin zai narke ya yi laushi, PVC kuwa gam ɗin zai bushe ya bar shi kamar ba a sa komai ba. Wannan ne amsar tambayarka ta biyu. Gam irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta ba liƙi yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama jiki ɗaya. Tunda ba ya narkar da PVC, babu abin da zai riƙe. Dodanninka sufa gulu suke so.

Maganin danƙon shi ne a cire fentin. Ka tsoma dodon cikin ruwan wanki irin Simple Green, ba sirki, ya kwana ɗaya, sannan ka goge da tsohon buroshin haƙori ƙarƙashin famfo. Abin da ya maƙale tsakanin ɓawon fatar diragon ka bi shi da sifirit na aisofurofil, mai ƙarfin kashi 90 ko sama. Shi sifirit ɗin da buroshi ake shafa shi, ko a tsoma na ɗan lokaci kamar minti 15, kada a bar PVC ya kwana a ciki, don yana iya sa shi ya yi laushi fiye da kima. Ba lallai ne dodon ya dawo fari ƙal ba. Idan launin ya rine amma yatsa ba ya kamawa, aiki ya yi.

Asiton, da tina, da ruwan cire jan farce, kada ka kusanto da su. Folistirin suna narkar da shi ya zama kwaɓi, PVC kuma su kumbura shi su shafe zanen jikinsa.

Idan danƙon ɗan kaɗan ne, wasu kan rufe shi da banish, wato shafi marar launi mai kare fenti, na ruwa wanda ake shafawa da buroshi, shafi biyu. Yana yi wani lokaci, amma a ganina dabarar rufa-rufa ce, kuma kowane shafi yana ƙara cike ƙananan layukan da saboda su aka sayi dodon.

Ƙotar gatari ita ce mafi sauƙi. Ka tafasa ruwa, ka ajiye kwanon ruwan ƙanƙara kusa. Ka riƙe mutum-mutumin da hantsaki, ka tsoma wajen da ya lanƙwashe na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Sau da yawa da kansa zai miƙe, saboda robar tana komawa siffar da aka zubo ta. Idan bai miƙe ba ka gyara da hannu, ka ɗan wuce da shi kaɗan ta ɗaya ɓangaren, sannan ka tsoma a ruwan ƙanƙara kana riƙe da shi har minti biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne fitarwa da wuri: waje ya yi zafi, ciki bai yi ba, bayan 'yan kwanaki sai ya koma yadda yake. Ɓangare mai kauri, kamar ƙafar diragon ko wuyan maciji, yana buƙatar minti biyu ko fiye a cikin ruwan zafin. A yi wannan kafin fenti. Kada ka gwada tafasasshen ruwa a kan ƙwarangwal ɗin, siraran mashinsu za su murɗe kuma ba sa dawowa.

Maman_Launi

Bayanin Malam Tsohon Maƙeri ya yi daidai. Zan ɗora daga inda aka cire fentin, domin nan ma akwai inda ake tuntuɓe.

Farko wanki. Duk abin da aka zubo yana fitowa da ɗan maiƙon da ake shafa wa mazubi don kada roba ta maƙale, ga kuma maiƙon hannu. Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka, buroshin haƙori, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe. Daga nan kada a ƙara riƙe shi da yatsu. A manna mazauninsa kan murfin kwalba da Blu Tack, wani ƙullu mai danƙo da ake iya ɓanɓarewa, a riƙa riƙewa ta nan.

Sai layin zubi, wato siririn layin da ke zagaye jiki inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. A folistirin kankarewa ake yi da bayan aska, yana fita sumul. A PVC kankara tana tayar da gashi-gashi, magagari ma haka. Sabuwar askar aikin hannu mai tsini, mai lamba 11, ake sawa, a kwantar da ita a jiki a yanke layin kamar ana fira. Layin da aka bari, fenti ba ya ɓoye shi. Ruwan inuwa, wato tsinkakken fenti mai duhu da ke shiga lungu-lungu, da dabarar shara launi da busasshen buroshi ma ƙara fito da shi suke yi, kuma a gefen fiffike da bayan wuyan maciji ya fi nunawa.

Kamfanin Reaper sun ce Bones ba ya buƙatar faraima, kuma gaskiya ne, amma da sharaɗi. Robar tana korar ruwa. Idan aka sirka fentin farko da ruwa zai tattaru ɗigo-ɗigo ya bar gurabe. Shafin farko sai an yi shi da fenti yadda ya fito daga kwalba, siriri, ana watsa shi da buroshi sosai. Bayan ya bushe, sauran shafin ana iya sirka su yadda aka saba, tunda a kan fenti suke zama. Masu wannan hanyar da yawa suna farawa da Brown Liner, wani fenti ruwan ƙasa na Reaper, saboda yana kama robar da kyau.

Ni dai a kan babban dodo na fi son a sa faraima na ruwa, kamar Vallejo Surface Primer ko Stynylrez na Badger, da buroshi ko injin feshi na iska. Dalili biyu. Na ɗaya, dodo mai fukafukai ana yawan ɗaukarsa a wajen wasa, kuma bakin fiffike ne farkon inda fenti ke gogewa. Na biyu, idan da fenti mai ratsawa za a yi aiki, irin Contrast na Citadel da ya fito a 2019 ko Speedpaint na Army Painter, dole sai da farar shimfiɗa ko mai haske a ƙasa, don su ruwa-ruwa ne, ba za su zauna a kan tsurar PVC ba. A bar faraima ya yi awa 24 kafin a ɗora wani abu. Yakan bushe a ido cikin rabin awa, amma ƙarfinsa sai washegari. Wasu kayan, kamar Nolzur's Marvelous Miniatures na WizKids, da faraimansu suke zuwa, ba sai an ƙara ba.

Ƙwarangwal ɗinka kuwa ci gaba da gwangwanin. A girgiza shi minti biyu cikakku, a riƙe shi nesa da santimita 20 zuwa 30, a fesa gajere-gajere hannu na tafiya. Idan aka yi nisa da yawa, ko ana tsananin zafi, fentin na bushewa a iska kafin ya sauka, jikin ya yi kaushi kamar yashi. Idan aka matso da yawa kuma ya cike tsakanin haƙarƙari da ramin ido.

Ɓawon fatar diragon shi ne wajen da aiki kaɗan ke ba da sakamako mai yawa. A shafe jiki da launi matsakaici, shafi biyu sirara. A bi da ruwan inuwa mai duhu ya shiga tsakanin ɓawo da ɓawo, ana tsane inda ya taru da busasshen buroshi kafin ya bar tabo. Idan ya bushe sarai, wato bayan kamar minti 40, a ɗauki faffaɗan buroshi, a ɗebo launi mai haske, a goge shi a kan takarda har ya zama kusan babu abin da ke fita, sannan a riƙa shara shi a gicciye da ɓawon, ba a bin tsawonsa. Gicciyewar ce ke sa bakin kowane ɓawo ya ɗauki haske. Fatar fiffike ba ta son wannan dabarar, don shimfiɗaɗɗiya ce, sai ta fito da ƙura-ƙura. Ita siraran shafi masu ruwa take so, ɗaya bisa ɗaya, duhu kusa da ƙashi, haske a tsakiya. A kula kada fenti ya yi kauri a nan, domin fiffiken PVC na lanƙwasa, kuma fenti mai kauri shi ke tsagewa.

A ƙarshe banish. Tunda gwangwanin feshi ya riga ya nuna halinsa, a yi amfani da na ruwa da buroshi: shafi ɗaya mai sheƙi don ƙarfi, ɗaya marar sheƙi a kai don ya kashe ƙyallin.

Sabon_Hannu

Allah ya saka da alheri, Malam, na gode Hajiya. Fentin ya fita, yatsa ba ya kamawa yanzu, gatarin ma ya miƙe. Saura fukafukan. Sufa gulu ya kama, amma da aka ɗan taɓa fiffiken sai ya ɓalle, ya bar wani farin tabo kewaye da mahaɗin. Akwai kuma rata tsakanin wuyan macijin da jikinsa. Maganar mazauni ma ina jira.

Mai_Ƙusa

Ɗan'uwa, gam kaɗai ba zai riƙe wannan fiffiken ba, ko wane iri ne. Sufa gulu yana da ƙarfi idan ana jan abu a miƙe, amma yana da rauni idan aka murɗa ko aka danna daga gefe. Fiffike dogo ne, mahaɗinsa ƙarami, don haka ɗan taɓi a ƙarshensa yana zama babban nauyi a gindinsa. Ƙarfe ake sa masa a ciki.

Kana buƙatar ƙaramin diril na hannu wanda ake murzawa da yatsu, da waya. Ga hannu ko wuyan ƙaramin mutum-mutumi, baki mai milimita 1 da wayar kilif ɗin takarda sun isa. Ga fiffiken diragon ka sa sandar tagulla mai milimita 1.5, ko 2 idan mahaɗin yana da kauri, bakin diril ya zama daidai da ita. Kada ka sa diril na lantarki, zafinsa na narkar da roba ya toshe ramin.

Fara da kankare tsohon gam daga fuskokin biyu har roba ta bayyana, ka ɗan yi musu zane-zane da bakin aska don sabon gam ya sami abin kamawa. Ka soka bakin aska inda za ka huda don diril kada ya zame, ka huda jikin diragon zurfin milimita 8 zuwa 10. Don ramin fiffike ya yi daidai da na jiki, ka sa guntuwar waya da ta ɗan leƙo kaɗan, ka ɗiga jan fenti a kanta, ka danna fiffiken a inda zai zauna. Inda jan ya fito, nan za ka huda. Idan fili ya ba da dama ka sa waya biyu, domin waya ɗaya tana hana faɗuwa amma ba ta hana juyawa. Ka gwada komai ba gam tukuna. Idan mahaɗin ya ƙi rufewa, wayar ce ta yi tsawo, ka rage ta.

Farin tabon nan tururin gam ne. Idan aka zuba da yawa yana jinkirin kamawa, tururinsa ya haɗu da laimar iska ya sauka fari a kewaye. Ɗigo ɗaya a rami, siririn shafi a fuska ɗaya, ka riƙe minti ɗaya, ka bar shi inda iska ke wucewa. Mai kauri irin na jel ya fi sauƙin sarrafawa a nan. Tabon da ya riga ya fito kankara kaɗan ke cire shi, fenti ya rufe sauran.

Shawara ɗaya kafin ka manna: idan fiffiken zai tare maka haƙarƙarin dodon, ka yi musu fenti daban-daban, ka rufe mahaɗin da Blu Tack. Gam da ya kama fenti ƙarfinsa ƙarfin fentin ne kawai.

Ratar wuyan maciji da Green Stuff ake cikewa, wato ƙullun nan mai zare biyu, shuɗi da rawaya. Ka yanke tsakiyar inda suka haɗu ka yar, nan ya riga ya daskare. Ka murza daidai-wa-daida har ya zama kore ɗaya babu zane. Ƙarin rawaya na sa shi laushi da danƙo, ƙarin shuɗi na sa shi tauri. Kana da kamar awa ɗaya kafin ya fara cijewa, sai ka naɗa siririn zare, ka tura shi cikin ratar da jiƙaƙƙen tsinke, ka zana masa ɓawo irin na kewaye. Ya kwana kafin fenti. Green Stuff ya fi dacewa da PVC saboda yana ɗan lanƙwasa bayan ya bushe. Milliput yana bushewa ƙam kuma yana goguwa da samfefa, ya fi kyau a folistirin da shimfiɗaɗɗen wuri, amma a mahaɗin da ke motsi yana iya tsagewa.

Mazauni kuwa, a Dungeons & Dragons kowane gida a taswira inci ɗaya ne, yana wakiltar ƙafa 5. Matsakaicin halitta kamar ƙwarangwal gida ɗaya yake ci, mazauni milimita 25. Mai kan bijimi yana ajin manya, gida biyu a faɗi biyu a tsawo, milimita 50. Maciji mai kawuna yana ajin da ke sama da wannan, gida uku a faɗi uku a tsawo, milimita 75. Diragon ya danganta da shekarunsa a bugu na biyar: matashi 50, baligi 75, tsoho 100 ko fiye. Mazaunin da ke manne da Bones ba koyaushe yake daidai da waɗannan ba, ana manna shi ne a kan faifai mai girman da ake so, a cike gefen da ƙullu da yashi. Idan dodon na kifewa saboda nauyin fukafukai, a manna washa ta ƙarfe a ƙarƙashi.

Ƙwarangwal ɗin kada ka manna su kafin ka tsayar da wasan da za ka yi. Age of Sigmar, tun 2015, zagayayyen mazauni yake amfani da shi, kuma kowace runduna da girman da aka ƙayyade mata. Warhammer: The Old World na 2024 mai kusurwa huɗu yake so, ya kuma ɗaga ƙananan sojojin ƙasa daga milimita 20 zuwa 25. A Kings of War na Mantic faɗin rundunar gaba ɗaya ake aunawa, misali milimita 100 a gaba da 80 a gefe ga rundunar sojojin ƙasa 20, don haka can ana iya jera su a faifai ɗaya.

Maman_Launi

Ƙari kaɗan a kan ƙwarangwal, Malam Sabon Hannu, tunda wasa biyu kake son yi da su. Ka ɗora su a zagayayyen mazauni na milimita 25, ka manna ƙaramin maganaɗisu mai faɗin milimita 3 da kaurin milimita 2 a ƙarƙashin kowanne, sannan ka yi musu tire mai kusurwa huɗu da siririn ƙarfe a ƙasa. A taswirar Dungeons & Dragons kowanne ya tsaya shi kaɗai, a wasan yaƙi na sahu kuma tiren ya kwashe su gaba ɗaya. Ka auna tiren ya yi daidai da faɗin da dokar wasan ta ba rundunar. Idan gasa za ka shiga, ka fara duba dokarta, don wasu ba sa karɓar zagayayye a wasan sahu. Kafin ka sa gam, ka jera maganaɗisun a sanda ɗaya ka yi wa fuska ɗaya alama da biro, duka su fuskanci gefe ɗaya, in ba haka ba sojojin da ke kusa da juna za su riƙa fizgar juna su karkace daga sahu.

Wajen ajiya kuma, kada tsurar PVC da ba a yi wa fenti ba ta daɗe manne da folistirin a akwati ɗaya, musamman inda ke da zafi, domin maiƙon tausasawar na iya ratsawa ya ɓata fuskar folistirin. A raba su da soso ko takarda, kuma diragon a tsaye ake ajiye shi, kada nauyinsa ya kwanta a kan fiffike.